Yadda Ake Kama Inuwar Duniyar Ƙanƙara Idan Ta Gitta Gaban Tauraro

Can bayan Naftun, inda hasken rana kan shafe fiye da awa 4 kafin ya isa, akwai dubban dunƙulen ƙanƙara da dutse suna kewaya rana, a yankin da ake kira Ɗamarar Kuiper da kuma bayansa. Fuluto ne ya fi suna a cikinsu, amma akwai Eris da Haumea da Makemake da Quaoar da wasu barjat. Ko a manyan madubin hangen nesa na duniya, yawancinsu ɗigon haske ne kawai, ba a ganin gefe balle siffa. Hanya mafi inganci ta auna su daga doron ƙasa ita ce a jira ranar da ɗayansu zai gitta daidai tsakaninmu da wani tauraro mai nisa. Tauraron zai ɗauke ɗif na wasu sakanni, sannan ya dawo. Wannan shi ne husufin tauraro.

Ka ɗauka kana tsaye a bakin titi da dare, kana kallon fitilar mai shayi a tsallake, sai tirela da ba ta kunna wuta ba ta gitta. Ba ka ga motar ba, amma in ka san gudunta, ka kuma san sakan nawa fitilar ta ɓace, ka san tsawonta. Aikin ke nan gaba ɗaya. Ba hoton duniyar ƙanƙarar za ka ɗauka ba, sau da yawa ma kyamararka ba za ta taɓa ganinta ba. Lokuta biyu ake nema a hannunka: sa'ad da tauraron ya ɓace da sa'ad da ya dawo, tare da ainihin inda ka tsaya.

Da wannan dabara aka gano zobban Yuranus a 1977, aka tabbatar da iskar da ta lulluɓe Fuluto a 1988. Da ita aka auna faɗin Eris a Nuwamba 2010 daga ƙasar Chile, ya fito kilomita 2,326. A ranar 3 ga Yuni 2013 masu kallo a Kudancin Amurka suka ga tauraro ya ƙifta kafin Chariklo ya rufe shi, ya sake ƙiftawa bayan ya wuce, aka gane cewa wannan ɗan abu mai faɗin kusan kilomita 250 yana da zobba biyu. Haka aka gano zoben Haumea a Janairu 2017, aka sanar da na Quaoar a 2023, kuma a cikin waɗanda suka kama na Quaoar har da masu kallon sha'awa a Ostareliya da madubansu na gida.

Lissafin da za ka riƙe a kai

Taurari suna da nisan da haskensu ke iso mana a miƙe sambal, saboda haka faɗin inuwar da za ta faɗo kan ƙasa daidai yake da faɗin abin da ya yi ta. Abu mai faɗin kilomita 1,000 zai shimfiɗa inuwa mai faɗin kilomita 1,000. Wanda ke cikin wannan zirin zai ga husufi, wanda ke wajensa ko da kilomita 5 ne ba zai ga komai ba.

Inuwar tana gudu, kuma yawancin gudun namu ne. Duniyarmu tana tafiyar kusan kilomita 30 a sakan a kewayen rana, su kuwa waɗancan ba su wuce kilomita 4 zuwa 5 ba. Don haka inuwar kan share ƙasa da gudun kilomita 20 zuwa 25 a sakan a mafi yawan lokuta. Abu mai faɗin kilomita 1,000 zai rufe tauraro na kusan sakan 40 zuwa 50 ga wanda ke tsakiyar zirin, mai faɗin kilomita 100 kuwa sakan 4 ko 5. Wanda ke kusa da gefe zai ga ƙasa da haka. Tsawon lokacin da ka auna, idan aka ninka shi da gudun inuwar, shi ne tsawon layin da ya ratsa jikin abin daga gefe zuwa gefe ta inda kake. Za mu kira wannan layi tsirkiya. Tsirkiya ɗaya tana nuna mafi ƙarancin girman abin ne kawai. Idan aka jera uku ko fiye daga wurare daban-daban, siffarsa ta fito.

Daga nan za ka ga dalilin da ya sa za mu daɗe a kan maganar agogo. Kuskuren sakan 1 kuskuren kilomita 25 ne. Kuskuren kashi ɗaya cikin goma na sakan kilomita 2.5 ne.

Nemo hasashe da karanta taswirarsa

Ba kai za ka lissafa ranar husufin ba. Shirin Lucky Star, wanda Bruno Sicardy na cibiyar nazarin taurari ta Paris ya jagoranta tare da abokan aiki a Rio de Janeiro da Granada, yana wallafa hasashen husufin waɗannan abubuwa masu nisa a intanet. Ƙungiyar IOTA, ta masu auna lokacin husufin taurari a duniya, ita ma tana da manhajoji kyauta, wato Occult da OccultWatcher, waɗanda za ka shigar musu da inda kake su tace maka abubuwan da inuwarsu za ta bi ta kusa da kai. A OccultWatcher za ka iya yin rajistar wurinka, ka ga inda sauran masu kallo suka tsaya, don kada mutum biyu su taru a kan layi ɗaya.

A taswirar za ka ga layin tsakiya, da layuka biyu na gefen inuwa, sau da yawa kuma da wasu layukan masu tsinke-tsinke a wajensu. Waɗannan na ƙarshen su ne iyakar shakka, kuma su ya kamata ka fi zuba wa ido. A nisan waɗannan abubuwa, kusan kilomita biliyan 6, kuskuren kashi ɗaya cikin dubu na sakan ɗin kusurwa a sama (sakan ɗin kusurwa kashi ɗaya ne cikin 3,600 na digiri) yana gusar da inuwar da kusan kilomita 29 a ƙasa. A da, kuskuren matsayin tauraron kansa kan kai ninki hamsin na wannan, inuwar da aka sa ran gani a wata nahiya ta faɗa teku. Kumbon Gaia na Turai, wanda aka harba a Disamba 2013 don auna matsayin taurari, ya gyara wannan ɓangaren, musamman da bayanan da ya fitar a 2018 da 2022. Abin da ya rage yanzu shi ne rashin sanin ainihin hanyar shi abin. Wanda aka taɓa kama husufinsa, hasashensa kan yi kyau ƙwarai. Wanda ba a taɓa kamawa ba, inuwarsa na iya kauce wa taswirar da ɗaruruwan kilomita. Saboda haka in kana wajen zirin amma cikin iyakar shakka, ka fito ka ɗauka. Ana sabunta hasashen yayin da ranar ke matsowa, ka sake dubawa ana saura mako guda, ka sake ana jibi.

Abubuwa huɗu za su gaya maka ko aikin ya dace da kayanka. Na farko hasken tauraron. Ma'aunin hasken taurari yana tafiya ne a juye: lamba babba, tauraro mai dusashewa. Ido kan ga har zuwa 6 a wuri mai duhu, kowane mataki ɗaya kuma ragin haske ne ninki biyu da rabi. Taurarin da ake rufewa yawanci suna tsakanin 12 da 17. Ka lura, a taswirar Lucky Star akwai lambar haske mai alamar tauraro a gefenta, wadda aka daidaita da gudun kilomita 20 a sakan. Ba ita ce ainihin abin da kyamararka za ta gani ba, ka nemi ainihin lambar a cikin bayanan. Na biyu tsawon husufin. Na uku tsayin tauraron a sama a wannan lokaci: ƙasa da digiri 20 daga gefen sama wahala ce, ƙyalƙyali da ƙura za su cinye shi. Na huɗu farin wata, girmansa da kusancinsa da wurin.

Duk lokutan da ke jikin hasashe na agogon duniya ne, UTC. Najeriya da Nijar da Kamaru da Cadi suna gaba da shi da awa 1, Sudan da awa 2, Gana kuwa daidai take da shi. Tarkon yana wajen tsakar dare. Husufin da aka rubuta ƙarfe 23:30 na ranar 10 zai faru ne ƙarfe 12:30 na dare a Kano ko Damagaram, wato ranar 11 ta riga ta shiga. Wanda aka rubuta 01:15 na ranar 10 kuwa, da yammacin ranar 9 za ka fita da kaya. An sha rasa husufi saboda wannan kawai.

Kayan aiki

Madubin hangen nesa mai faɗin baki santimita 20 shi ne mafarin aiki na gaske, zai kai ka taurari masu lamba 13 zuwa 14 da ɗauka ta rabin sakan zuwa sakan 1 idan sama ta yi kyau. Mai santimita 28 zuwa 40 zai ƙara maka mataki ɗaya ko biyu. Dole mazauninsa ya zama mai injin bin tauraro, domin za ka riƙe wuri ɗaya na minti 20 ko fiye. Shirin RECON a yammacin Amurka, wanda ya raba kaya ga makarantu da garuruwa don irin wannan aiki, da madubin santimita 28 ya yi amfani.

Ka sa gilashin rage tsawon zango tsakanin madubi da kyamara. Madubin santimita 28 mai zangon milimita 2,800, da kyamara mai idon milimita 11, bai kai rabin faɗin wata yake nunawa ba. Da gilashin da ke mayar da shi f/6.3, wato zangon ya zama ninki 6.3 na faɗin bakin madubin, filin zai buɗe zuwa kusan kashi biyu cikin uku na faɗin wata, hasken kowane tauraro ya taru a fiksel kaɗan. Ka sami sauƙin gane wuri, ka kuma sami taurarin kwatance a gefe, wato waɗanda za a gwada hasken tauraronka da nasu, waɗanda in babu su sakamakonka ba zai karɓu ba.

Kyamara ta zama ta baƙi da fari, irin ta ɗaukar taurari. Mai launi tana zubar da haske da yawa. Kada ka sa matatar haske ko wace iri sai in masu shirya aikin sun nema. QHY174M-GPS ta yi suna a wannan fage domin tana da GPS a cikinta, tana buga lokaci a jikin kowane hoto, kuma duk fiksel ɗinta lokaci guda suke buɗewa su rufe. Tsofaffin kyamarorin bidiyo irin Watec 910HX har yanzu suna aiki, amma sai an haɗa su da akwatin buga lokaci irin IOTA-VTI. Kyamarar waya da ta ɗaukar biki ba za su yi ba, domin suna matse hoto suna gyara shi da kansu, kuma ba a san ainihin lokacin kowane hoto ba.

Sauran su ne kwamfutar tafi-da-gidanka mai faifan SSD, manhajar ɗauka irin SharpCap, batir mai bolt 12 da aka cika taf, da fitila ja don kada ta kashe maka ido. Ka lissafa wurin ajiya tun da rana. Cikakken hoton waccan kyamarar a zurfin bit 16 yana cin kusan megabait 4.7. Hoto biyu a sakan na minti 20 ya zama hoto 2,400, kusan gigabait 11. Kada ka dogara da wutar gari, kada kuma ka ajiye janareta kusa da madubi, girgizarsa tana bin ƙasa ta shiga hoto.

Agogo

Agogon kwamfuta haka kawai ba abin dogaro ba ne. Yana iya yin gaba ko baya da sakan ɗaya ko fiye ba tare da ka sani ba, kuma lokacin da manhaja ke rubutawa sau da yawa lokacin da hoton ya iso kwamfuta ne ta wayar USB, wanda ya bambanta da lokacin da hasken ya faɗa kan idon kyamara.

Hanya mafi kyau ita ce GPS da ke buga lokaci kai tsaye a hoto. Amma shi ma yana da nasa tarkon. Lokacin GPS yana gaba da UTC da sakan 18 tun farkon 2017, kuma na'urar tana koyon wannan bambanci ne daga saƙon da taurarin ɗan'adam ke aikowa, wanda kan ɗauki har minti 12 da rabi kafin ya kammala. Na'urar da ta daɗe a kashe za ta iya nuna maka ta kama, alhali lokacinta ya kauce da sakan ɗaya ko fiye. Ka kunna ta aƙalla minti 20 kafin ka fara ɗauka, eriyarta tana kallon sama fili, ba a ƙarƙashin bishiya ko rumfar kwano ba.

In ba ka da irin wannan kyamarar, hanya ta biyu ita ce daidaita agogon kwamfuta da NTP, wato tsarin saita agogo ta intanet, misali da manhajar Meinberg, a bar ta tana aiki awa ɗaya ko fiye kafin lokaci. Da intanet mai ƙarfi za a iya samun daidaito na 'yan kashi cikin ɗari na sakan. Da datar waya a bayan gari, inda sabis ke hawa yana sauka, kada ka yarda da ita ido rufe. Maganin mai sauƙi ne kuma mai araha: ƙaramar na'urar GPS mai fitar da bugu ɗaya a farkon kowane sakan, a haɗa ta da ƙwan LED. Ka haska ƙwan a bakin madubi na sakan 20 zuwa 30 a farkon ɗauka, ka sake a ƙarshe, ba tare da ka tsayar da ɗaukar ba. Walƙiyar za ta fito a hotunan, daga nan a auna jinkirin kyamara da kwamfutarka, a kuma ga ko agogon ya zame a tsakani. Ka lura bugun yana faɗin farkon sakan ne kawai, bai faɗin wane sakan ba ne, don haka dole agogon kwamfutar ya riga ya kasance cikin rabin sakan na gaskiya.

Akwai tambaya ɗaya da mutane ke mantawa: lokacin da aka rubuta a jikin hoto, na farkon ɗauka ne, ko tsakiya, ko ƙarshe? Kowace manhaja da nata tsarin. A ɗauka ta sakan 1, ruɗewa tsakanin farko da tsakiya rabin sakan ne, wato kusan kilomita 12 a jikin abin da ake aunawa. Ka bincika, ka rubuta a rahotonka.

Atisaye

Kada daren husufi ya zama daren da ka fara ganin tauraron. Tauraro mai lamba 14 yana cikin ɗaruruwan irinsa, musamman idan wurin yana cikin farin zirin taurarin nan da ke ratsa sama, inda yawancin irin waɗannan husufi ke faruwa. Kuskuren da ya fi ɓata aiki bayan na agogo shi ne a ɗauki tauraron da ba shi ba ne na tsawon minti 20, a aika rahoton cewa ba a ga komai ba. Wannan ya fi rashin fitowa muni, domin yana iya sa a yanke wa abin gefe a inda yake da jiki.

Ana saura kwana biyu ko uku, ka fito daidai lokacin da husufin zai faru. Ka buga taswirar wurin a faɗi uku: babba, matsakaiciya, da wadda ta yi daidai da filin kyamararka. Ka san ina ne arewa a allonka, ka kuma san ko madubinka yana juya hoto dama zuwa hagu. Manhajar gane fili irin ASTAP tana karanta taurarin hoton ta gaya maka ainihin inda madubi ke kallo, kuma tana aiki ba intanet in ka riga ka sauke kundin taurarinta. Ka ajiye hoton allon da ka yi wa tauraron alama.

A wannan daren ne za ka zaɓi tsawon ɗauka, wato lokacin da kyamara za ta shafe tana tara haske a kowane hoto. Gajere yana ba da kaifin lokaci amma tauraron ya nutse cikin hayaniyar hoto, wato ɗige-ɗigen da ke dagula shi, dogo yana fito da tauraron amma ya dusar da gefen husufin. Ka fara da sakan 1, ka riƙa ragewa har sai ka kai inda tauraron ke fitowa sarai a kowane hoto ɗaya, ba a wasu ya ɓace a wasu ba. A manhajar aunawa, ƙarfin haskensa ya ninka hayaniyar sau 5 zuwa 10. Ka nemi aƙalla hotuna 5, gara ma 10, a cikin tsawon husufin da aka hasashe. In haske ya yi ƙaranci, ka haɗe fiksel biyu-biyu kafin ka tsawaita ɗauka. In tauraron mai haske ne sosai, kada ka bari ya cika ma'aunin kyamara, ka riƙe shi wajen rabi zuwa kashi biyu cikin uku. Ka adana hotunan a tsarin fayil na SER ko ADV ko FITS. Ka kuma duba babu giɓi tsakanin hotuna: wasu kyamarorin suna ɓata sakan ɗaya ko biyu suna sauke kowane hoto, kuma idan tauraron ya ɓace cikin wannan giɓin, lokacin ya tafi.

Shawara mai kyau ga mai farawa ita ce ya fara da duwatsun da ke tsakanin Mirrihi da Mushtari. Husufinsu yana yawan faruwa, taurarin sukan fi haske, kayan aiki da matakan kuwa iri ɗaya ne.

Game da wuri: daga arewacin Najeriya da kudancin Nijar, hanyar da duniyoyi ke bi a sama tana ratsawa kusan ta tsakar ka, ana kuma ganin sararin arewa da babban ɓangaren na kudu. Masu irin wannan kallo kaɗan ne a yankin, don haka tsirkiya ɗaya daga nan tana iya cike giɓi babba tsakanin masu kallo na Turai da na kudancin Afirka. Damina tana zuwa da gajimare, tsakiyar hunturu kuma da hazo mai cinye hasken taurari ko da ido na ganin sama kamar a buɗe take. Makonnin bayan ɗaukewar ruwa, kafin ƙura ta yi kauri, su ne mafi kyau. In ƙura ta kwanta a gilashi, ka hure ta da robar hura iska, kada ka goge da ƙyalle. Idan za ka kafa kaya a bayan gari, ka je da rana ka gaida mai unguwa ko dagaci, ka sanar da jami'an tsaro, ka nuna musu kayan. Dogon bututu a kan ƙafafu cikin dare abu ne da ke iya tayar da hankalin wanda bai san shi ba.

Daren husufi

Ka kafa kaya awa biyu kafin lokaci. Madubin da ya kwana a ɗaki ko ya wuni a mota yana buƙatar kusan awa guda kafin zafinsa ya daidaita da na waje, in ba haka ba taurari za su riƙa rawa. Ka saita kaifin hoto, ka sake dubawa ana saura minti 30, domin sanyin dare yana gusar da shi. Ka kashe barcin kwamfuta da sabunta kanta da duk wata manhajar da ba a buƙata. Idan mazaunin madubinka irin wanda ke juyawa ne idan tauraro ya ƙetare tsakiyar sama, ka tabbata juyin ba zai faɗo cikin lokacin ɗauka ba.

Iska babbar abokiyar gaba ce. A ranar 17 ga Yuli 2017, ayarin masanin taurari Marc Buie ya jera madubai masu faɗin santimita 40 a yankin Comodoro Rivadavia na Ajantina, tazarar 'yan kilomita tsakaninsu, don kama Arrokoth, ɗan abin da tsawonsa bai wuce kilomita 36 ba. Mutanen gari sun jera manyan motoci don tare musu iska, an kashe fitilun titi, an tsayar da zirga-zirga a babbar hanya. Madubai 5 suka kama shi, kuma siffar da suka zana ta abu mai kamar dunƙule biyu ita ce kumbon New Horizons ya tarar da ya wuce ta gefensa ranar 1 ga Janairu 2019. An sake irin wannan fita a Sanagal da Kolambiya ranar 4 ga Agusta 2018 tare da masana na Sanagal irin su Maram Kairé, cikin damina, gajimare ya rufe yawancin wuraren, amma an samu tsirkiyoyin da suka ƙara daidaita hanyar kumbon. Kai ma ka ajiye motarka ta ɓangaren da iska ke tahowa.

Ka fara ɗauka da wuri, ka daɗe ba ka tsayar ba. Hasashen lokaci kan kauce da sakanni ko minti guda, sannan zobba da watanni suna nesa da jikin abin. Babban zoben Quaoar yana kusan kilomita 4,100 daga tsakiyarsa, wato fiye da minti 3 kafin husufin da bayansa a gudun kilomita 20 a sakan. Watansa Weywot yana iya kaiwa nisan minti 11. Minti 10 kafin da minti 10 bayan shi ne mafi ƙaranci, in faifai zai ɗauka ka kai 15. Da zarar ka danna, ka janye hannunka. Kada ka taɓa madubi, kada ka canza wani saiti, kada kowa ya yi tafiya kusa ko ya kunna waya. Ko ka ga tauraron ya ɓace ya dawo da idonka, kada ka tsayar don murna. Ko gajimare ya shigo, ka bari ta ci gaba.

Bayan ka tsayar, ka rufe bakin madubi ka ɗauki hotunan duhu kamar 50 zuwa 100 da saiti iri ɗaya. Ka rubuta matsayin madubin daga GPS a tsarin WGS84, har da tsayin wurin daga teku, a daidai inda ƙafafunsa suka tsaya. Idan abin mai haske ne kamar Fuluto, wanda haskensa ke cakuɗa da na tauraron, ana buƙatar ƙarin hotuna a wani lokaci da suka rabu, don a san rabon kowannensu.

Karanta hasken da aika rahoto

Ka fara da kwafe fayil ɗin zuwa wuri na biyu. Sannan ka buɗe shi da Tangra ko PyMovie, ka zaɓi tauraronka da wasu biyu ko uku na kwatance masu kusan haskensa, manhajar ta auna su hoto bayan hoto. Gajimare yana dusar da dukkansu tare, haka girgizar madubi. Husufi na gaske tauraronka kaɗai yake taɓawa. Daga nan PyOTE ko Occult za su fitar da lokacin ɓacewa da na dawowa tare da iyakar kuskurensu, su kuma gwada ko faɗuwar da ka gani za ta iya zama hayaniya kawai. Faɗuwar hoto ɗaya tak a tauraro mai rauni abar tuhuma ce.

Siffar zanen tana magana. Faɗuwa tsaye da tashi tsaye na nufin jiki marar iska, kamar yadda aka gani a Makemake a Afrilu 2011. Gangarowa a hankali da haurowa a hankali alamar iska ce, haka na Fuluto yake, kuma wanda ke tsakiyar inuwar sosai yana iya ganin haske ya ɗan tashi a tsakiyar duhun saboda iskar ta tanƙwaro shi. Faɗuwa mai hawa biyu sau da yawa tana nufin tauraron tagwaye ne. Gajeruwar dusashewa kafin husufin da wata bayansa, a kusan tazara ɗaya, ita ce alamar zobe. Kada ka share wani abu don bai yi maka kama da abin da ka zata ba.

Rahoton ya ƙunshi matsayinka, girman madubi, irin kyamara, tsawon ɗauka, hanyar da ka samo lokaci da gwajin da ka yi mata, lokacin farawa da na tsayarwa, yanayin sama, da sakamakon. Ka aika wa masu shirya wannan husufin ko jami'in IOTA na yankin. In tauraron bai ɓace ba, ka aika duk da haka: layin da bai taɓa jikin abin ba yana faɗin inda gefensa bai kai ba, kuma sau da yawa wanda ya kuskure da kaɗan shi ke ƙayyade girman. In gajimare ne ya hana ka, ko ba ka da tabbacin tauraron da ka ɗauka, ka rubuta haka ƙarara, kada a lissafa shi cikin waɗanda suka kalla ba su ga husufi ba. Ka ajiye ainihin fayil ɗin yadda yake, ba yankewa ba matsewa, domin masu nazarin za su nemi su sake auna shi da nasu manhajojin, wani lokaci bayan shekaru.